Maigadin da Ba Ya Cin Goro

A saman shagon tela, daf da Kasuwar Barci,
Oga Barau ya ba ni ɗaki, fanka ɗaya, layin waya takwas,
ya ce: Ɗora mana maigadi a ƙofar nan,
wanda ba ya cin goro, bai san ɗan'uwa ba.

Kwana uku ina koya wa na'ura tambaya biyu:
Wane ne kai? Ina shaidarka?
Suna a layi ɗaya,
kalmar sirri a gefensa, na murɗe ta, na dagula,
har ni da na shigar ba na iya karantawa.
Ai ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Daren farko ta kori kowa.
Oga da kansa ya buga, ta ce ba ta san shi ba.
Ashe waƙafi ɗaya na bari a baya
tsakanin suna da izini.
Aka ɗauke wuta ina tsakiyar gyara,
na ƙarasa da janareto, warin fetur har maƙogwaro.

Gab da asuba waya ta yi kukanta,
kukan nan kamar ana wasa wuƙa a dutse,
kamar tsuntsu ya maƙale a bututu,
sai kuma tsit.
Wannan tsit ɗin shi ne amsa sallama.

Daga nan suka yi ta zuwa.
Lauyan Unguwar Rimi da ke manta tasa duk Litinin.
Mai sayar da taya a Kawo
da ya raba tasa ga ƙannensa bakwai,
sai da na kafa doka: suna ɗaya, ƙofa ɗaya,
wanda ya riga shiga shi ke da tabarma.

Baba Sallau ya hawo benen nan yana haki,
da kuɗin sallamarsa na masaƙar Kakuri a ƙulle cikin leda.
Awa talatin ya saya,
don ya riƙa rubuta wa Nafi'u da ke karatu a Sudan.
Na juya masa baya ya danna kalmarsa,
yatsa ɗaya, a hankali, kamar mai zura zare a allura.

Cikin Sha'aban aka ce ya rasu.
Ban samu jana'iza ba.

Bayan salla Oga ya ce in share sunayen da suka mutu,
yana nufin waɗanda ba sa biya.
Na buɗe littafin da na'ura ke rubutawa da kanta,
sai ga Sallau.
Jiya, ƙarfe ɗaya da minti arba'in na dare.
Shekaranjiya ma haka.
Ya ƙwanƙwasa, an tambaye shi, ya amsa daidai,
an buɗe masa. Minti goma sha ɗaya.

Tsigar jikina ta tashi.
Da rana na buga lambar Kakuri,
muryar mace ta ɗauka, ta ce ita ce Uwani.
Ta daɗe ba ta ce komai ba, ina jin kaji a bayanta.
Ta ce: Yaya na jarrabawar ƙarshe.
Ba mu faɗa masa ba.
Na san yadda Baba ke fara wasiƙa,
na san inda yake kuskuren harafi.
Saura mako uku.

Na dubi maigadina, fitilunsa kore suna ƙiftawa.
Bai yi barci ba, bai karɓi ko ƙwandala ba.
Abin da na koya masa shi ya tambaya.

Saura awa biyu a sunan.
Na laluba aljihu, na ƙara goma,
na rubuta a littafin Oga: Sallau, ya biya.
Na sauka wurin mai shayi
na ce yau ba ƙwai, ruwan bunu kawai.